Takardar da Aka Fita da Ita: Cuɗanyar Al'adu a Ƙagaggun Labaran Indiyawa Mazauna Ƙetare

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 sun nuna kusan mutum miliyan 18 da aka haifa a Indiya suna zaune a wasu ƙasashe, kuma babu ƙasar da ta kai ta yawan 'ya'ya a waje. Lissafin bai haɗa da jikokin waɗanda aka kwasa tun ƙarni na 19 zuwa gonakin rake ba, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka ƙasar Indiya ba. Daga wannan taro ne wani babban reshe na adabi ya tsiro. Masu sharhi sukan zuba shi cikin kwando ɗaya su ce labarin mutumin da ya maƙale tsakanin al'adu biyu ne. Wannan bayani yana da gaskiyarsa, amma ya yi wa batun kaɗan. Idan aka jera littattafan aka duba su da kyau, abin da ke raba su shi ne irin takardar da jarumin labarin, ko kakansa, ya bar gida da ita: kwantiragin ƙodago na shekara biyar, ko fasfon ɗan mulkin mallaka, ko bizar ƙwararren ma'aikaci, ko bizar da ubangida ke riƙe da ita, ko kuma babu takarda sam. Takardar ce ke yanke wanda zai saje da mutanen gari, da farashin da zai biya, da wanda ba za a ma ba shi damar gwadawa ba.

A fara da na farko. Bayan Birtaniya ta soke bauta a ƙasashen da take mulka a 1834, masu gonakin rake suka rasa hannu, sai aka juya ga Indiya. Morishus ta fara karɓar leburori a 1834, Gayana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Surinam a 1873, Fiji a 1879. Kafin a dakatar da ɗibar mutanen a 1917, sama da miliyan ɗaya sun tsallaka teku, mafi yawansu daga Bihar da gabashin Uttar Pradesh, wasu kuma daga yankin Tamil da Telugu a kudu. Sharaɗin shi ne aikin shekara biyar, kuma a yawancin wuraren sai mutum ya cika shekara goma kafin ya cancanci kuɗin jirgin komawa. Leburorin suna kiran takardar girmit, kansu kuma girmitiya.

Cuɗanyar waɗannan mutane ta fara ne tun kafin su haɗu da wani baƙo, a tsakanin junansu. A ƙauyukan da suka baro, al'umma a rarrabe take bisa ɗabaƙoƙi na gado: wanda aka haifa a gidan malaman addini ba ya cin abinci da mai jima, ba ya shan ruwa a moɗarsa, balle aure. A sansanin jira na Kalkata da cikin jirgin ruwa, inda tafiya zuwa Karibiyan kan ɗauki kusan wata uku, tukunya ɗaya ce ga kowa. Ga kuma ƙarancin mata: ƙa'idar da aka tsayar daga baya ita ce mata 40 ga kowane maza 100, don haka wanda ya nace sai 'yar ɗabaƙarsa zai mutu gwauro. Amitav Ghosh ya gina Sea of Poppies, wanda ya fito a 2008, a kan wannan gaɓa. Deeti, bazawara 'yar babban gida, ta tsere da Kalua mai tuƙa amalanken shanu, mutumin da a ƙauyensu ko inuwarsa ba a so ta taɓa ta. Sun shiga jirgin Ibis mai zuwa Morishus, ta ɓoye asalinta, kuma a cikin jirgin fasinjojin suka ɗauki juna a matsayin 'yan uwan jirgi, dangantakar da a tarihi ta maye gurbin dangin jini har ta kan hana aure tsakanin wasu zuriyoyi. A nan babu wanda ya zauna ya zaɓi ya karɓi sabuwar al'ada. Tsohuwar ce ta karye a hanya, aka ɗinke abin da ya rage. Daga ɗinkin aka samu Hindin Fiji da Sarnami na Surinam, harsunan da suka taso daga gaurayar Bhojpuri da Awadhi da kalmomin gonar rake. Aka kuma samu bikin Hosay na Tirinidad, wanda asalinsa juyayin Muharram ne na Musulmi amma Hindu da baƙaƙen fata suka shiga cikinsa.

Wanda ya fi kowa nuna abin da ya biyo baya shi ne V. S. Naipaul, haifaffen Chaguanas a Tirinidad a 1932, a cikin A House for Mr Biswas na 1961. Mohun Biswas mai rubuta allunan talla ne da ya auri 'yar gidan Tulsi, babban gidan Hindu mai kanti da gonaki, ya tare a gidan surukai, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar mallakar gida nasa na kansa. Ya samu a ƙarshe, gida mai ginin ha'inci da bashi a kansa, ya mutu yana da shekara 46. Abin lura shi ne yadda gidan Tulsi ke narkewa ba tare da kowa ya sanar ba. Ana yin ibadar Hindu kullum, amma samarin gidan biyu da ake ji da su suna makarantar Katolika, suna rataye da gicciye. Ana shagalin Kirsimeti. Babban ɗan ya auri 'yar gidan Indiyawan da suka zama Kirista. Hindi yana ja da baya, Turanci yana shigowa ta bakin yara da ta jarrabawar neman gurbin karatu. Tsofaffi kuwa suna zama a barandar gidan da yamma suna zancen komawa Indiya, amma idan dama ta samu sai tsoro ya kama su. Indiyar da ke cikin wannan littafi ba wurin da ake zuwa hutu ba ce, ba kuma wurin da ake aika wa wasiƙa ba. Shi ya sa burin jarumin ya zama fili da rufin kwano: wanda ba shi da inda zai koma, dole ya kafa turke inda yake. Masanin adabi Vijay Mishra, shi kansa jikan girmitiya daga Fiji, ya raba wannan tsohuwar ƙaura da sabuwar ta zamanin jirgin sama a littafinsa na 2007, kuma rabon yana da amfani ƙwarai ga mai karatu.

Gabashin Afirka labari ne na daban. 'Yan kasuwar Gujarat sun daɗe suna zirga-zirga a gaɓar tekun, sannan tsakanin 1896 da 1901 Turawa suka kawo leburori kusan 32,000 don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria. Mulkin mallaka ya jera mutane hawa uku: Bature a sama, Ba'indiye a tsakiya da kantinsa da kujerar akawu, ɗan ƙasa a ƙasa. Makarantu daban, unguwanni daban, asibitoci daban. M. G. Vassanji, wanda aka haifa a Nairobi a 1950, ya tashi a Darussalam, ya zauna a Toronto, ya yi rayuwar rubutunsa a kan wannan hawa na tsakiya. A The In-Between World of Vikram Lall na 2003, kakan Vikram yana cikin masu aikin layin dogo. Vikram da ƙanwarsa Deepa sun tashi a garin Nakuru na Kenya lokacin tawayen Mau Mau na adawa da mulkin mallaka, suna wasa da Njoroge, yaro Bakikuye, da wasu yaran Turawa biyu. Iyalin suna jin Swahili, abincinsu ya ɗauki ɗanɗanon ƙasar, suna kiran Kenya gida. Da Deepa da Njoroge suka girma suka so juna, uwar ta tsaya kai da fata ta hana. Vassanji bai wanke mutanensa ba. Ya nuna cewa al'ummar da ta yarda ta haɗa harshe da kasuwa da abinci ta ja layi a kan aure, kuma wannan layin yana cikin abin da 'yan siyasa suka riƙe daga baya suka ce waɗannan ba namu ba ne. Shi kansa Vikram ya zama dillalin cin hanci tsakanin manyan gwamnati da masu kuɗi, wato matsayin tsakiya da aka gada daga Bature ya rikiɗa ya zama sana'a. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya bai wa 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar Yuganda, kusan 28,000 suka nufi Birtaniya. Hausawan zangon Ghana sun san irin wannan rana, domin dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta tashi iyalan da aka haifi 'ya'yansu a Kumasi da Accra. Marubutan wannan reshe sun yi ƙaura sau biyu, kuma abin da suke kewa a Toronto ko Leicester sau da yawa Darussalam ne ko Kampala, ba Gujarat ba.

Reshen da duniya ta fi sani, wanda ake koyarwa a jami'o'i, na Amurka ne, kuma doka ce ta haife shi. A 1923 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Bhagat Singh Thind cewa Ba'indiye ba zai zama ɗan ƙasa ba. A 1946 aka buɗe ƙofa ga mutum 100 kacal a shekara. Sai dokar shige da fice ta 1965 ta soke rabon gurabe bisa asalin ƙasa, ta fifita masu ilimi da masu dangi a can. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a suka shigo, suka koma gida suka auro mata, suka sayi gidaje a unguwannin bayan gari. Waɗannan su ne iyayen da ke cikin labaran Jhumpa Lahiri, wadda aka haifa a Landan a 1967, ta tashi a Rhode Island, ta ci kyautar Pulitzer a 2000 da tarin gajerun labaranta Interpreter of Maladies.

Littafinta The Namesake na 2003 ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna cuɗanya tana da matakai, kuma kowane mataki da irin tsadarsa. Ya buɗe a kicin a 1968. Ashima Ganguli, da tsohon ciki, tana haɗa Rice Krispies da gyaɗar gwangwani da yankakkiyar albasa da gishiri da lemun tsami da ɗanyen barkono, tana neman ɗanɗanon abin ƙwalamar da ake sayarwa a titunan Kalkata, tana jin rashin man mastad. Abinci shi ne mataki mafi sauƙi: ana musanya kayan haɗi, ana kusantar ɗanɗano, babu wanda ya yi asarar mutunci. Bayan shekaru za a ga iyalin suna gasa talo-talo a ranar bikin godiya na Amurkawa, amma an shafe shi da tafarnuwa da kayan yajin gida, suna kuma kafa bishiyar Kirsimeti saboda yara. Bukukuwa ma ba su da wuyar aro.

Suna ya fi wuya, domin a nan al'ada ta ci karo da hukuma. Bengaliyawa suna ba yaro suna biyu, na gida da dangi ke kiransa da shi, da na ƙwarai wanda ke shiga takardu, kuma ba a gaggawar sa na biyun. Kakar Ashima ce za ta zaɓa, ta aiko a wasiƙa, wasiƙar ta ɓata a hanya, tsohuwar kuma ta kamu da shanyewar jiki. Asibiti ya ce ba a sallamar jariri sai da suna a takardar haihuwa. Mai karatu Bahaushe zai gane girman matsalar nan take, tunda mu ma sunan yanka sai ranar bakwai, kuma lakabin da ake kiran yaro da shi don alkunya ba shi ne ke cikin rajista ba. Uban, Ashoke, ya ba da sunan Gogol, marubucin Rasha da littafinsa ke hannunsa ranar da ya tsira daga haɗarin jirgin ƙasa, da nufin ya zama na gida kawai. Da aka kai yaron makaranta iyayen suka ce a rubuta Nikhil, yaron ya ƙi amsawa, shugabar makarantar ta bi ra'ayin yaro ta bar na iyaye. Ga inda abin ya lalace: tsarin da ke da gurbin suna ɗaya, da makarantar da ke ɗaukar zaɓin ɗan shekara biyar sama da na mahaifinsa, sun haɗu sun mayar da sunan cikin ɗaki ya zama na duniya. Yaron ya tashi da suna wanda ba na Indiya ba, ba na Amurka ba, ya je kotu ya canza shi kafin shiga jami'a, ya kuma gano cewa duk wanda ya san shi tun yana ƙarami ba zai daina kiransa da tsohon ba.

Aure da mutuwa su ne matakan da ba sa lanƙwasuwa. Gogol ya tare a gidan iyayen budurwarsa Maxine a New York, yana sha'awar yadda suke zaune cikin rayuwarsu ba tare da tambayar kansu ba. Da mahaifinsa ya rasu kwatsam a Ohio, ya shiga kwanakin makoki da abincinsu marar nama, ita kuma Maxine ta kasa gane me ya sa babu wurinta a ciki. Marubuci mai neman sauƙi zai tsaya nan ya ce jini ya kira nasa. Lahiri ta wuce: Gogol ya auri Moushumi, 'yar Bengaliyawa da iyayensu suka san juna, auren kuma ya mutu, domin ita ta riga ta gudu daga ɓangarorin biyu ta fake a harshen Faransanci da birnin Paris. Haɗa asali bai isa ya riƙe aure ba. A ganina wannan ne wurin da littafin ya fi gaskiya, kuma shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi kasa kamawa.

Wani abin da Lahiri ta kama shi ne cewa miji da mata ba ƙaura ɗaya suka yi ba ko da jirgi ɗaya suka hau. Mijin yana da ofis, da abokan aiki, da dalilin fita kowace safiya. Matar ta zo a kan takardarsa. A labarin Mrs. Sen's, matar wani malamin lissafi tana zaune a ƙasa tana yanka kayan miya da wata lanƙwasasshiyar wuƙa da ta taho da ita daga gida, irin wadda mata ke taruwa da ita su kwana suna aikin biki suna hira. Abu biyu ke faranta mata rai, wasiƙa daga gida da ɗanyen kifi. Kafin ta kai ga kifin sai ta iya tuƙi, tuƙin kuma tsoro yake ba ta, har ranar da ta ɗauki motar ta daki turken waya. Garin da aka gina don mota, inda maƙwabci ba ya jin kiran maƙwabci, ya fi kowace wariyar launin fata kulle ta a ɗaka.

Bharati Mukherjee, wadda ta girme Lahiri da shekara 27, ta ɗauki wata hanya ta kuma kare ta da zafi. Ta zauna a Kanada, ta bar ta a 1980 tana kukan wariyar da ta gani, ta rungumi Amurka, ta ƙi a riƙa liƙa mata Indiya a gaban sunan Ba'amurkiya. A Jasmine na 1989, yarinya 'yar ƙauyen Punjab mai suna Jyoti ta zama Jasmine a bakin mijinta, bam ya kashe shi, ta shiga Florida da takardun jabu, ta kashe mutumin da ya yi mata fyaɗe, ta zama Jase a New York, ta zama Jane a Iowa. Kowane suna wani ne ya raɗa mata, kuma kowane sai da ta binne na baya. A unguwar Flushing ta New York ta zauna da iyalin da suka rufe ƙofa suka gina ƙaramar Punjab a bene, mai gidan ana kiransa farfesa alhali gashin mata yake shigowa da shi yana sayarwa, ta ji kamar kurkuku ta gudu. Ga Mukherjee, sajewa tana buƙatar yanka, ba lallashi ba. Masu suka sun ce yarinyar da ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta da takarda, ba za ta haye matakan nan da wannan sauri ba sai don kyawunta da mazan da suka ɗauke ta, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka littafin ya faɗi abin da na Lahiri ba su cika faɗa ba: akwai wanda gida ne ya cuce shi, musamman mace bazawara, kuma mantuwa a wurinsa 'yanci ce.

A Birtaniya launin abin ya bambanta saboda waɗanda suka zo bayan yaƙin duniya na biyu ma'aikatan masana'antu ne da direbobin bas, sun zauna cikin talakawan Turawa, sun kuma sha dokokin taƙaita shigowa na 1962 da 1968 da jawabin ƙiyayya na ɗan majalisa Enoch Powell. Kamala Markandaya ta rubuta The Nowhere Man a 1972, labarin tsoho Srinivas wanda ya shafe kusan rabin ƙarni a Landan, ɗansa ya mutu a yaƙin Ingila, amma maƙwabta suka tashe shi tsaye a ƙarshen rayuwarsa. A Anita and Me na Meera Syal, 1996, Meena 'yar shekara tara, daga gidan Punjabawa tilo a wani ƙauyen masu haƙar kwal, tana magana da karin harshen yankin fiye da kowa, tana son ta zama kamar ƙawarta Anita, sai ta ji abin da saurayin unguwa da take ganin girmansa ke faɗa game da masu launinta. Yaran wannan reshe sun riga sun saje ta harshe da ɗabi'a. Tambayar da ke gabansu ita ce ko za a karɓa. Rohinton Mistry, ɗan al'ummar Parsi ta Bombay da ya koma Toronto a 1975, ya kai batun har banɗaki a wani gajeren labari na 1987: Sarosh ya yi alkawarin komawa gida idan bai zama cikakken ɗan Kanada cikin shekara goma ba, ya iya komai sai abu ɗaya, jikinsa ya ƙi yarda da masan zama sai ya tsuguna. Labarin na ban dariya ne, amma abin da yake nunawa da gaske ne, cewa jiki yana da nasa hadda wadda takardar zama ɗan ƙasa ba ta gogewa.

Duk waɗannan, in ban da kaɗan, mutane ne masu takarda. Kiran Desai ta sauka ƙasan bene a The Inheritance of Loss, wanda ya ci kyautar Booker a 2006. Biju ɗan wani kuku ne daga garin Kalimpong na Indiya, bizarsa ta ƙare, yana yawo daga kicin zuwa kicin a gidajen abincin New York. A can ƙasa yana cuɗanya da 'yan Meziko da Pakistan da wani abokinsa Musulmi ɗan Zanzibar, abin da ya tilasta masa duba ƙiyayyar da ya taho da ita daga gida. Amurkar da ke saman bene kuwa faranti kawai yake miƙa mata. Ya bar wani aiki saboda ba zai iya ci gaba da kai wa mutane naman sa ba, ya koma wurin wani Ba'indiye mai gidan abinci wanda ke kwanar da ma'aikata a kicin, kuma da ya zame ya ji ciwo a gwiwa mai gidan ya ƙi kai shi asibiti don kada asirin ɗaukar marasa takarda ya tonu. Uban a gida yana ta alfahari, yana aiko da wasiƙun a taimaki ɗan wane. Sunjeev Sahota ya bi wannan sawu a The Year of the Runaways na 2015, a birnin Sheffield: ɗaya ya zo da bizar ɗalibi bayan ya sayar da ƙodarsa ya ci bashi, ɗaya da auren takarda, ɗaya ta ɓarauniyar hanya. Na ukun, Tochi, daga ɗabaƙar da ake ƙyama yake, kuma yana ɓoye sunan gidansu a Ingila kamar yadda zai ɓoye a Bihar. A kula da wannan. Ɗabaƙar da jirgin ruwa na ƙarni na 19 ya raunana, jirgin sama ya kawo ta da ranta, domin yanzu akwai waya, akwai dangi, akwai wuraren ibada da masu haɗa aure da za su bincika asalin mutum cikin kwana ɗaya. Yawancin labaran 'ya'yan likitoci shiru suke a kan wannan, saboda iyalan da ke cikinsu daga manyan ɗabaƙoƙi suke, kuma wanda abu bai taɓa tare wa hanya ba bai cika ganinsa ba.

Sai ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda Indiyawa sama da miliyan takwas ke aiki, fiye da na Amurka da Birtaniya a haɗe. A ƙarƙashin tsarin kafala, zaman ma'aikaci a ɗaure yake da ubangidan da ya ɗauko shi, kuma ko ya shekara talatin ba ya zama ɗan ƙasa, haka ma ɗan da ya haifa a can. Benyamin ya rubuta Aadujeevitham da harshen Malayalam a 2008, aka fassara shi zuwa Turanci da sunan Goat Days a 2012. Najeeb, mai haƙar yashi a kogi a Kerala, ya jinginar da gida da gwalagwalan matarsa ya sayi biza, ya sauka a Riyadh, wani da ba ubangidansa ba ya ɗauke shi daga filin jirgi ya kai shi garken awaki a hamada. Sama da shekara uku babu albashi, babu wanka, babu abokin magana. Larabcin da ya koya na umarni ne da zagi. Ya raɗa wa awakin sunayen mutanen garinsu. Da ya tsere, kansa ya kai gidan yari don a tasa ƙeyarsa gida. Duk wanda ya san labarin 'yan uwanmu da ake kira Takari a Makka da Jidda, ko matan da dillalai ke kaiwa aikatau, ba zai ji wannan littafi a matsayin labarin nesa ba. Deepak Unnikrishnan, wanda ya tashi a Abu Dhabi, ya sa wa nasa littafin na 2017 suna Temporary People, ya cika shi da abubuwan al'ajabi, kamar matar da ke bi da dare tana ɗinke leburorin da suka faɗo daga dogayen gine-gine. Salon bayyana rayuwa yadda take, wanda ya ishi Lahiri, bai ishe shi ba, saboda labarin iyali mai hawa uku yana buƙatar wurin da kaka da jika za su zauna, a nan kuwa biza tana ƙarewa ranar da aiki ya ƙare.

Akwai kuma matsalar sana'ar rubutun kanta. Yawancin littattafan da suka yi suna da Turanci aka rubuta su, kamfanonin Landan da New York suka buga, don haka marubucin yana rubuta hirar da a zahiri da Bengali ko Punjabi aka yi ta. Dole ya zaɓa: ya karkata rubutun kalmomin gida ya bi su da fassara, ko ya bar su tsirara mai karatu ya nemi ma'ana daga mahallin, ko ya lanƙwasa Turancin kansa. Hanya ta farko tana mayar da marubuci ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido, har a ga uwa tana yi wa 'yarta bayanin abincin da suke ci kullum, bayanin da ba don 'yar aka yi shi ba. Daga nan ne aka samu tarin littattafai masu bango ɗauke da mangwaro da lalle da gefen sari, da zubi guda: auren haɗi, uwa mai tsauri, saurayi Bature, tafiya gida a gano kai. Sam Selvon na Tirinidad ya bi hanya ta uku tun 1956 a The Lonely Londoners, inda mai ba da labarin kansa yake magana da Turancin Karibiyan. Ghosh ya cika jirginsa da gaurayayyen yaren matuƙa ba tare da neman afuwa ba. Subramani na Fiji ya rubuta Dauka Puraan a 2001 da Hindin Fiji, harshen da ake raina wa a ce na gona ne, Abhimanyu Unnuth na Morishus kuma ya rubuta Lal Pasina da Hindi a 1977 a kan wahalar masu saran rake. Lahiri da kanta, bayan duk nasarar da ta samu, ta koma Roma ta fara rubutu da Italiyanci, littafinta na farko da harshen ya fito a 2015, kusan irin mafakar da ta ba Moushumi.

Kyaututtuka da manhajojin jami'a sun fi ɗaukar abin da aka rubuta da Turanci, don haka mai neman littafin Indiyawan ƙetare a kanti zai fara cin karo da ɗan injiniyan Boston sau goma kafin ya ga lebura ɗaya na Sharjah. Labaran leburorin suna nan da Malayalam da Tamil da Punjabi da Gujarati, masu karatunsu kuma su ne ma'aikatan da iyalansu. Aadujeevitham ya yi shekara huɗu ana sake buga shi a Kerala kafin mai karatun Turanci ya san da shi, fim ɗinsa kuma sai a 2024 ya fito.